Ciwon mara lokacin al'ada: abin da ke jawo shi da abin da ke sauƙaƙa shi a gida

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yarinyar da ciwon mara ya kama a ranar farko ta al'adarta ba zai manta da yanayin ba. Tana kwance a gefe guda, ta naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji, hannayenta biyu suna dafe da ƙasan cibiya, gumi yana tsattsafo mata a goshi ko da lokacin sanyi ne, kuma idan aka yi mata magana sai ta amsa da kai kawai, saboda murɗawar ba ta bar mata numfashin da za ta yi magana da shi ba. Abin da aka fi gaya mata a wannan hali shi ne ta yi haƙuri, haka kowace mace ta taso. Gaskiya ne ciwon ya zama ruwan dare, domin ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta bayyana cewa fiye da rabin matan da ke ganin al'ada suna jin ciwo na kwana ɗaya ko biyu a kowane wata, kuma a cikinsu akwai waɗanda yake hana su zuwa makaranta ko wurin aiki. Sai dai yawan masu fama da ciwo ba ya rage masa zafi, kuma ba ya zama hujjar da za a bar mai shi ta yi ta juyi a kan gado alhali akwai abin da za a iya yi mata da kayan da ke cikin gida.

Ba ƙarancin shawara ne ke damun mai ciwon mara ba, domin kowa yana da abin da zai ce a sha, ko a shafa, ko a ƙaurace masa. Wahalar tana wajen tantance wace shawara ce take da tushe, wacce ce ba ta cutarwa amma ba ta yin komai, wacce ce kuma take iya ƙara wata damuwa a kan wadda ake ciki. Hanya mafi sauƙi ta yin wannan tantancewa ita ce a fara sanin abin da ke faruwa a cikin mahaifa a waɗannan kwanaki, domin wanda ya fahimci musabbabin ciwon zai gane da kansa dalilin da ya sa wata dabara take aiki, kuma zai gane lokacin da ya dace a fara ta.

Mahaifa tsoka ce mai kauri da ƙarfi, wadda girmanta ga macen da ba ta da ciki bai kai dunƙulen hannu ba. A kowane wata tana yin wata lallausar shimfiɗa a bangonta na ciki domin karɓar ciki idan ya samu, kuma bayan sakin ƙwai wani sinadari mai suna furojestaron shi ne ke riƙe da wannan shimfiɗa har kusan mako biyu. Idan ciki bai shiga ba sai sinadarin ya ragu, shimfiɗar ta fara rushewa, kuma a yayin rushewarta take sakin wani sinadari da ake kira furostagilandin. Aikin wannan sinadari shi ne ya sa tsokar mahaifa ta matse domin ta tura tsohuwar shimfiɗar waje, wato jinin al'ada, sannan ya tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da mahaifar. Wannan aiki ne na lafiya da kowace mahaifa ke yi. Bambancin da ke tsakanin macen da al'adarta ke zuwa shiru da wadda take kwantar da ita yana cikin yawan sinadarin ne: idan ya yi yawa sai matsewar ta yi ƙarfi, ta riƙa zuwa a jere ba tare da tsokar ta samu sakewa sosai a tsakani ba, jinin da ke isa gare ta ya ragu, iskar oksijin ta yi mata ƙaranci. Tsokar da aka hana iska kuwa dole ta yi ciwo, kamar yadda ƙaurin ƙafa ke ɗaurewa ya tashi mutum daga barci. Bugu da ƙari, sinadarin yana sa jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo su ƙara saurin ji, ta yadda matsewar da da za ta wuce ba a lura ba sai ta zama azaba.

Wannan bayani ɗaya ya isa ya warware abubuwa da yawa da ke rikita mata. Gudawa da tashin zuciya da amai da ciwon kai da ke rakiyar ranar farko duk suna da alaƙa da shigar sinadarin cikin jini, inda yake taɓa hanji da sauran sassan jiki kamar yadda ya taɓa mahaifa. Ciwon ƙugu da na cinyoyi kuma yana zuwa ne saboda jijiyoyin mahaifa da na waɗannan wurare suna haɗuwa a hanya ɗaya kafin su isa ƙwaƙwalwa. An daɗe ba a san haka ba, har likitoci da yawa a da suna ɗaukar ciwon a matsayin raki ko damuwar zuciya, sai a shekarun 1950 da 1960 ne wani masanin aikin jiki ɗan Birtaniya mai suna Pickles ya gano cewa jinin al'ada yana ɗauke da wani abu mai sa tsoka matsewa, daga baya kuma shi da abokan aikinsa suka nuna cewa furostagilandin ne. Ya kamata duk yarinyar da aka taɓa ce wa ragwanta ce ke damunta ta san wannan tarihi.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a cikin bayanin shi ne lokaci. Sinadarin ya fi yawa a kwana biyun farko na al'ada, shi ya sa ciwon kan fara 'yan sa'o'i kafin ganin jini ko tare da shi, ya tsananta a rana ta farko ko ta biyu, sannan ya lafa kafin a cika kwana uku. Wannan shi ne ciwon mara na asali, wanda babu wata cuta a bayansa. Yakan fara ne watanni shida zuwa shekara ɗaya ko biyu bayan yarinya ta fara al'ada, lokacin da jikinta ya fara sakin ƙwai akai-akai, kuma sau da yawa yana raguwa idan shekaru suka ja ko bayan haihuwa. Duk dabarun gida da za a ambata a nan domin irin wannan ciwo ne. Akwai wani iri na biyu da wata cuta ce ke haddasa shi, za a zo kansa daga baya, domin shi ne iyakar abin da gida zai iya.

A cikin dabarun da ba na haɗiya ba, gashi da ɗumi yana cikin waɗanda suka fi ƙarfin hujja. Ɗumi yana sassauta tsoka, yana buɗe jijiyoyin jini, sannan saƙon ɗumin da fata ke aikawa yana rage ƙarfin saƙon ciwon da ke tafiya zuwa ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 ya gwada wani abin ɗumi da ake liƙawa a mara, mai riƙe zafin kusan digiri 39 na tsawon sa'o'i 12, aka ga sauƙin da ya bayar ya yi daidai da na ƙwayar ibuprofen, kuma waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi saurin jin sauƙi. Darasin da ke cikin wannan bincike shi ne cewa abin da ake buƙata ɗumi ne mai sauƙi mai ɗorewa, wanda bai wuce zafin jiki ba sai da kaɗan. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su ɗora abu mai ƙuna na minti biyar su ɗauke, su ce gashi bai yi musu aiki ba.

Yadda ake haɗa shi yana buƙatar kulawa, domin ƙunar jakar ruwan zafi ba ƙaramin rauni ba ce. Idan ruwan ya tafasa a sauke shi a bar shi ya ɗan huce na wasu mintuna, sannan a zuba a jakar har ya kai kashi biyu cikin uku, a kwantar da ita a hankali har ruwan ya taso wuyanta domin iskar da ke ciki ta fita, a ɗaure murfin sosai, a kifa ta a ga ko tana ɗiga. Daga nan a naɗe ta da tawul ko wani ƙyalle mai kauri, a fara gwada ta a cikin hannu kafin a ɗora a mara. Wadda ba ta da jakar tana iya amfani da kwalba mai murfi mai kyau da ruwan ɗumi, ko tawul da aka tsoma a ruwan zafi aka matse, sai dai shi yana saurin hucewa, dole a riƙa sabunta shi. Idan ciwon ya fi yawa a ƙugu, a mayar da gashin can. Kada a yi barci da jakar a jikin fata, kada kuma a kwanta a kanta, domin mai barci ba ta jin lokacin da ɗumi ya zama ƙuna, kuma nauyin jiki yana iya fasa jakar. Wadda ta ga fatar mararta ta fara yin wani zane mai duhu kamar raga bayan watanni na gashi, ta sani zafin ya yi yawa ne, ta rage shi ta ƙara kaurin ƙyallen. Wanka da ruwan ɗumi, ko zama a cikinsa na ɗan lokaci, yana yin irin wannan aiki, kuma babu wata illa da wanka ke yi wa mai al'ada.

Wasu za su ce ƙwayar magani ba ta cikin dabarun gida, amma tunda a gida ake shanta, kuma yawanci ba tare da ganin likita ba, barin ta a gefe zai bar mai karatu cikin duhu a wurin da aka fi yin kuskure. Magungunan da suka fi dacewa da wannan ciwo su ne dangin ibuprofen da naproxen da mefenamic acid, kuma dalilin dacewarsu a fili yake. A 1971 masani John Vane ya nuna cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera furostagilandin, binciken da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1982 tare da wasu masana biyu 'yan Suwidin. Ke nan waɗannan magunguna suna zuwa ne kan tushen ciwon kai tsaye. Sai dai a lura da kalmar hanawa: maganin yana hana ƙera sabon sinadari ne, ba ya kwashe wanda ya riga ya zuba. Macen da ta daure tun safe, ta ce sai ciwon ya kai maƙura za ta sha magani, ta bar mahaifarta ta cika da abin da maganin zai hana, don haka idan ta sha sai ta ga kamar bai yi aiki ba, har ta ƙara wani a kai kafin lokaci. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Lokacin shan maganin shi ne da alamar farko, wato ɗan nauyin mara ko ɗigon jinin farko, ga wadda al'adarta ke zuwa a kan ƙa'ida kuma ta tabbata ba ta da ciki ma tana iya farawa kwana ɗaya kafin ranar, sannan ta ci gaba da sha a kan lokutan da aka rubuta a jikin kwalin har kwana biyu ko uku, ba tare da jiran ciwon ya dawo ba.

Wannan ba izini ba ne na sha barkatai. Babba bai kamata ya wuce miligiram 1,200 na ibuprofen a yini ba sai da umarnin likita, kuma a sha shi bayan an ci wani abu, domin sinadarin da yake hanawa a mahaifa shi ne kuma ke kare bangon tumbi. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da wadda ke shan maganin tsinka jini, da mai asma wadda irin waɗannan magunguna ke tayar mata da ita, da wadda ke zargin tana da ciki, duk su nisance shi har sai sun yi magana da ma'aikacin lafiya. Kada a haɗa biyu daga dangi ɗaya, kamar a sha ibuprofen a bi shi da diclofenac, domin illar ce ke ninkuwa, sauƙin kuwa ba ya ƙaruwa. Asfirin ba shi ne zaɓi mai kyau a nan ba saboda yana iya ƙara zubar jini, kuma ba a ba yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba. Farasitamol ya fi sauƙi a ciki, shi ne mafita ga wadda ba za ta iya shan waɗancan ba, amma bai kai su ƙarfi a kan wannan ciwo ba, kuma wuce giram 4 a yini yana iya lalata hanta.

Motsa jiki shi ne shawarar da mai ciwon ta fi ƙi, kuma ana iya fahimtar ta, domin wadda ba ta iya miƙewa tsaye ba za a ce mata ta fita gudu ba. Kuskuren yana wajen fahimtar lokacin da ake nufi. Nazarin da Cochrane, cibiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa motsa jiki na minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, yana iya rage zafin ciwon sosai, kusan maki 25 a ma'aunin da ke da maki 100, ko motsin mai ƙarfi ne ko mai sauƙi. Ana yin sa ne a tsawon wata gaba ɗaya, don haka riba ce da ake tarawa a kwanakin lafiya a ci moriyarta a kwanakin ciwo. Tafiya da sauri, da hawa keke, da iyo, da miƙe-miƙen gaɓoɓi duk sun wadatar. A ranar ciwon kanta kuwa, ɗan zagaye a hankali ko durƙusawa a kan gwiwa a kifa ƙirji a kan cinya a miƙa hannu gaba yana sassauta ƙugu, kuma idan jiki ya ƙi, a kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, babu laifi a hakan.

A cikin tsirrai, citta ce ta fi samun kulawar masu bincike, kuma ba a banza ba, domin tana ɗauke da sinadarai masu rage ƙera furostagilandin, ko da yake ba da ƙarfin ƙwayar magani ba. Wani gwaji da aka yi a Iran aka wallafa a 2009 ya ba wasu ɗalibai mata garin citta miligiram 250 sau huɗu a yini na kwana ukun farko na al'ada, aka kwatanta su da masu shan ibuprofen da mefenamic acid, aka ga sauƙin da suka samu bai bambanta ba. Nazarin da ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2015 ya nuna cewa adadin da aka yi amfani da shi yana tsakanin miligiram 750 da 2,000 na gari a yini, a kwana uku ko huɗun farko, wato abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba a yini gaba ɗaya, a raba shi kashi-kashi. Wannan ƙaramin adadi ya kamata ya ja hankalin masu ganin cewa yawan citta shi ne yawan lafiya. Idan ta yi yawa tana kawo ƙwannafi da zafin ciki da gudawa, kuma mai shan maganin tsinka jini ta nemi shawara kafin ta mayar da ita abin sha na kullum. Tana da wata fa'ida ta daban wadda ta sa na fi son ta a kan sauran, ita ce kwantar da tashin zuciya, kuma idan aka sha ta da ruwan ɗumi an haɗa amfani biyu a kofi ɗaya.

Kirfa da hulba da man kifi da bitamin B1 da zinki su ma an gwada su, wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan amfani, amma nazarin Cochrane na 2016 a kan irin waɗannan abubuwa ya bayyana cewa gwaje-gwajen ƙanana ne kuma hujjarsu ba ta da ƙarfi. Wadda ta gwada ɗaya daga ciki a daidai gwargwado ta ji daɗinsa, babu dalilin hana ta. Abin da ya kamata a guje wa shi ne haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, musamman waɗanda ake tallatawa da sunan wanke mahaifa ko fitar da mataccen jini. Mahaifa ba ta tara datti, jinin al'ada kuma ba guba ba ne, kuma duk abin da aka ce yana tunkuɗo jini da ƙarfi to yana ƙara matsewar tsokar ne, wato ainihin abin da ke haddasa ciwon, ban da haɗarin da yake da shi ga wadda ke da ƙaramin ciki ba ta sani ba.

Tausa a hankali a ƙasan cibiya da ƙugu, da tafin hannu mai ɗumi da ɗan mai, tana taimakon mata da yawa, kuma akwai ƙaramar na'ura mai aiki da batir da ake kira TENS, wadda ke aika ɗan motsin lantarki ta fata ya danne saƙon ciwo, ita ma an ga amfaninta a gwaje-gwaje. Shan taba yana da alaƙa da tsanantar ciwon mara, kuma wannan ya dace da abin da aka sani na yadda take tsuke jijiyoyin jini. Ƙarancin barci da yawan damuwa ba su ne ke haddasa ciwon ba, amma suna rage wa jiki juriya, ta yadda matsewa iri ɗaya za ta fi zafi a watan da aka kwana ana tunani.

Tunda kusan kowace dabara tana dogara ne ga farawa da wuri, abin da ya fi kowane kayan aiki amfani shi ne ɗan littafi ko kalandar waya. A rubuta ranar da jini ya fara, da ranar da ciwo ya fara, da ƙarfinsa daga ɗaya zuwa goma, da abin da aka sha ko aka yi, da yadda aka ji bayan sa'a biyu. Bayan wata uku mace za ta ga tsarin jikinta a rubuce, ta san ranar da za ta tanadi jakar ruwan zafi da magani a kusa, ta kuma san wace dabara ce ta yi mata aiki da gaske, domin ciwon da dama zai lafa da kansa a rana ta uku yakan sa a yaba wa duk abin da aka sha a rana ta biyu.

Wannan rubutu kuma shi ne zai nuna lokacin da ciwon ya wuce ikon gida. Ciwo na iri na biyu yana da alamominsa: yakan fara kwanaki da dama kafin jini, ya zarce bayan jinin ya ɗauke, ya riƙa ƙaruwa wata bayan wata maimakon raguwa, ko kuma ya ɓullo wa macen da ta shekara da shekaru tana al'ada ba tare da ciwo ba. Babbar cutar da ke bayansa ita ce endometiriyosis, inda wani nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, a kan ƙwayayen haihuwa ko bangon mara ko hanji, ya riƙa kumbura da kowace al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan mata masu shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190, kuma da yawansu suna shafe shekaru kafin a gano ta, saboda kowa ya ɗauka ciwon al'ada ne da aka saba. Wannan jinkiri shi ne abin da ya fi damuna a cikin batun gaba ɗaya, domin yarinyar da aka koya wa cewa azaba kowane wata ba komai ba ce, ba za ta san ranar da ya kamata ta nemi taimako ba. Akwai kuma ƙarin da ke fitowa a mahaifa, wanda ake kira faibiroid, da shigar shimfiɗar cikin tsokar mahaifa kanta, da kamuwar mahaifa da hanyoyin ƙwai da ƙwayoyin cuta, sannan robar tazarar haihuwa mai jan ƙarfe da ake sanyawa a mahaifa tana iya ƙara ciwo da jini, musamman a watannin farko.

Don haka wadda ta bi ƙa'idar gashi da magani yadda ya kamata har al'ada biyu ko uku ba ta ga sauƙi ba, ko wadda ciwon ke hana ta makaranta ko aiki kowane wata, ko mai jin zafi lokacin saduwa ko bayan gida ko fitsari a kwanakin al'ada, ta je a duba ta. Haka ma wadda jininta ke wuce kwana bakwai, ko yake jiƙa auduga a kowace sa'a har sa'o'i da dama a jere, ko yake zuwa da manyan gudaji, domin irin wannan zuba tana jawo ƙarancin jini mai sa kasala da haki da jiri. Akwai kuma halin da ba ya jiran gari ya waye: ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, musamman a gefe guda na mara, ga macen da al'adarta ta yi jinkiri ko take zargin ciki, ballantana idan ya haɗu da jiri ko suma ko ciwon kafaɗa, domin yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, kuma fashewarsa tana iya kashewa cikin sa'o'i. Zazzaɓi tare da ciwon mara da fitar ruwa mai wari shi ma na gaggawa ne.

Zuwa asibiti ba yana nufin tiyata ba, kamar yadda wasu ke tsoro. Sau da yawa likita zai saurari bayani, ya duba, wataƙila ya yi hoton ciki, sannan ya canza maganin ko ya gyara yadda ake shansa. Yana iya ba da magungunan homon, wato sinadaran da ke sarrafa al'ada, irin ƙwayoyin tazarar haihuwa ko robar mahaifa mai homon, waɗanda ke sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri, furostagilandin ɗin da za ta saka ya ragu, kuma ana ba da su domin ciwon mara ko ga wadda ba tazarar haihuwa take nema ba. Mai zuwa ta tafi da littafinta na wata uku da kwalayen magungunan da ta sha, ta faɗi kwana nawa ciwon ya hana ta fita a watan da ya wuce, kuma idan aka sallame ta da kalmar haƙuri alhali ciwon yana ƙaruwa, ta nemi ganin likitan mata.